Soul Makossa: Waƙar Kamaru da duniya ta yi ta ara

Soul Makossa na ɗaya daga cikin waƙoƙin Afirka da aka fi maimaitawa a duniya, amma da dama daga cikin waɗanda suka san amshinta ba su san sunan mai ita ba.

Makaɗin nan na ƙasar Kamaru, Manu Dibango, shi ne ya fitar da ita a shekarar 1972, a bayan wani ƙaramin faifan garmaho da aka yi domin gasar ƙwallon ƙafa.

Cikin shekara guda sai ga ƙungiyoyin makaɗa sama da 20 sun sake naɗar ta. Daga baya kuma wani yanki nata ya ɓulla a waƙoƙin Michael Jackson da Rihanna, lamarin da ya kai ga shari'a.

Tarihin waƙar dai ya ƙunshi wata tambaya da ke damun mawaƙa tun daga Duala har Kano: idan wani ya ɗauki waƙarka ya rera, sunan wa za a ambata, kuma aljihun wa kuɗin zai shiga?

Wane ne Manu Dibango?

An haifi Emmanuel N'Djoke Dibango ne a birnin Duala, a ranar 12 ga watan Disamba na shekarar 1933, lokacin da wannan ɓangare na Kamaru ke ƙarƙashin mulkin Faransa.

Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne ɗan ƙabilar Yabassi, mahaifiyarsa kuwa 'yar ƙabilar Duala ce mai sana'ar ɗinki.

A shekarar 1949 iyayensa suka tura shi karatu Faransa yana ɗan shekara 15, da guzurin kilo uku na gahawa domin biyan waɗanda za su riƙe shi. Daga wannan guzuri ne ya samo sunan littafin tarihin rayuwarsa da ya wallafa a shekarar 1989.

A can ne ya koyi kaɗa fiyano da kuma busa saksofon, wata irin algaitar Turawa ta ƙarfe, wadda daga baya ta zama abin da aka san shi da shi.

A shekarar 1956 ya koma birnin Brussels na ƙasar Beljiyam yana kiɗa a gidajen rawa. A nan ya haɗu da shahararren mawaƙin Kwango, Joseph Kabasele, a shekarar 1960, ya shiga ƙungiyarsa mai suna African Jazz, har ya bi su zuwa birnin da a yau ake kira Kinshasa.

Bayan ya ɗan zauna a gida Kamaru, sai ya sake komawa Paris a tsakiyar shekarun 1960, inda ya riƙa yi wa mawaƙan Faransa irin su Nino Ferrer kiɗa.

Kiɗan soul a Afirka

Soul wani salon kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1950, ta hanyar haɗa salon waƙoƙin majami'unsu da kiɗan rawa na birane. Cikin manyan mawaƙansa akwai Ray Charles da Sam Cooke da Otis Redding da Aretha Franklin da kuma James Brown.

Salon ya samu karɓuwa ƙwarai a biranen Afirka ta Yamma jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Geraldo Pino, ɗan ƙasar Saliyo, ya yi tashe da shi a Legas a shekarun 1960, shi kansa James Brown kuma ya zo Najeriya ya yi wasa a ƙarshen shekarar 1970.

A ranar 6 ga watan Maris na shekarar 1971 ma an yi wani gagarumin bikin kiɗan soul a birnin Accra na ƙasar Ghana, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka halarta.

A wancan lokaci dai mawaƙan Afirka ne ke kwaikwayon na Amurka. Waƙar Dibango ita ce ta juya akalar, har Amurkawa suka koma suna kwaikwayon ɗan Afirka.

Sunanta ma ya nuna haɗin gambizar da aka yi: soul daga Amurka, makossa kuwa sunan kiɗan rawa ne na mutanen Duala.

Gasar da ta haifi waƙar

A shekarar 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙasashen Afirka karo na takwas, a zamanin mulkin Shugaba Ahmadu Ahijo. An buga wasannin ne a biranen Yawunde da Duala daga ranar 23 ga watan Fabrairu zuwa 5 ga watan Maris.

Dibango ya nemi ma'aikatar wasanni ta ƙasar da ta ɗauki nauyin naɗar taken gasar, ta kuma amince.

To amma ƙaramin faifai fuska biyu gare shi. Taken ya cike fuskar gaba, sai ya zamana ana bukatar wata waƙa da za a sa a baya. Soul Makossa ita ce ta cike wannan gurbi.

Waƙar ba ta da baitoci masu yawa. Ƙarfinta yana ga kiɗan da ke ta maimaita kansa, da busar saksofon, da kakkaurar muryar Dibango, sai kuma amshin da ya yi ta hanyar gutsuttsura kalmar makossa yana nanata gaɓoɓinta. Shi da kansa ya ba da labarin cewa da mahaifinsa ya ji shi yana gwada amshin a gida, sai ya ɗauka i'ina yake yi.

A filin wasa kuwa abin bai yi wa masu masaukin baƙi daɗi ba. Kwango Brazzaville ta fitar da Kamaru da ci ɗaya da nema a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta doke Mali da ci 3 da 2 ta ɗauki kofin.

Daga nan ba wanda ya sake marmarin jin taken gasar, faifan kuma ya kwanta.

Yadda ta tashi a New York

A ƙarshen shekarar 1972 wani mai shirya taron rawa a birnin New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani kantin sayar da fayafayai da ke unguwar Brooklyn, ya fara sa shi a wurin taronsa da ake kira The Loft.

Daga can sai Frankie Crocker, wani fitaccen mai gabatar da shirye-shirye a gidan rediyon WBLS, ya ji waƙar ya shiga watsa ta a kai a kai.

Masu sauraro suka yi ta zuwa kantuna neman faifan, sai aka tarar 'yan kaɗan ne aka shigo da su daga Faransa, kuma sun ƙare.

Wannan giɓi ne ƙananan kamfanonin faifai suka yi rububin cikewa. Kowa ya tara makaɗansa ya naɗi tasa Soul Makossa, har aka ƙirga aƙalla guda 23.

Daga bisani kamfanin Atlantic, wanda shi ne ke fitar da waƙoƙin Aretha Franklin, ya sayi izini daga kamfanin Fiesta na Faransa ya fitar da ta ainihin. A shekarar 1973 ta kai matsayi na 35 a jerin waƙoƙi 100 da suka fi kasuwa a Amurka na mujallar Billboard, yayin da wadda wata ƙungiya mai suna Afrique ta kwaikwaya ta kai na 47.

Cikin waɗanda suka maimaita ta akwai Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Najeriya mazaunin Amurka, wanda ya sa wa faifansa na shekarar 1973 sunan waƙar. Haka ma ƙungiyar Lafayette Afro Rock Band ta wasu Amurkawa mazauna Paris.

Ƙungiyar Fania All-Stars ta makaɗan Latin Amurka kuwa gayyatar Dibango ta yi suka yi waƙar tare, ta fito a faifansu na shekarar 1974.

Shi kansa Dibango ya yi wasa a zauren Apollo da ke unguwar Harlem, an kuma sa shi cikin masu takarar lambar yabo ta Grammy a rukuni biyu a shekarar 1974. A watan Satumba na wannan shekara yana cikin makaɗan da suka hallara a Kinshasa gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman.

Masu rubuta tarihin kiɗa da dama na lissafa Soul Makossa cikin waƙoƙin farko da suka share fagen kiɗan disko.

Abin da doka ta tanada

A dokokin haƙƙin mallaka na akasarin ƙasashe, kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin wanda ya mallaki sautin da aka naɗa, wanda sau da yawa kamfanin faifai ne.

A Amurka, tun daga shekarar 1909, doka ta ba kowa damar sake naɗar waƙar da aka riga aka fitar kasuwa ba tare da neman yardar mai ita ba, muddin zai biya wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane faifai. Har zuwa ƙarshen shekarar 1977 santi 2 ne kacal ake biya.

Sai dai wannan dama ta tsaya ne ga wanda zai rera waƙar a matsayin ta mai ita. Wanda zai yanko wani ɓangare ya ɗora a cikin sabuwar waƙa tasa, dole ne ya nemi izini, a kuma yi ciniki.

A nan ne rigimar da ta fi jan hankali a tarihin Soul Makossa ta samo asali.

Michael Jackson da Rihanna

A watan Nuwamba na shekarar 1982 Michael Jackson ya fitar da faifansa mai suna Thriller, wanda ya zama faifan da aka fi saye a tarihi.

Waƙar farko a cikinsa, Wanna Be Startin' Somethin', ta ƙare ne da wani amshi da ake ta nanatawa, wanda duk wanda ya san Soul Makossa zai gane inda aka samo shi, ko da yake an ɗan sauya gaɓoɓin. Babu sunan Dibango a jikin faifan.

Dibango ya bi kadin haƙƙinsa ta hannun lauyoyi, aka kuma sasanta a wajen kotu, inda aka biya shi wasu kuɗi.

Bayan shekara 25 maganar ta sake tasowa. A shekarar 2007 Rihanna, mawaƙiya 'yar tsibirin Barbados, ta fitar da waƙar Don't Stop the Music, wadda aka gina a kan wannan amshi kamar yadda yake a waƙar Jackson.

An nemi izinin Jackson ya kuma bayar, amma ba a tuntuɓi Dibango ba. A shekarar 2008 kuma aka sabunta waƙar Jackson ɗin tare da Akon, mawaƙin nan ɗan asalin Senegal.

A watan Fabrairu na shekarar 2009 Dibango ya shigar da ƙara a wata kotu da ke Paris, yana neman diyyar Yuro 500,000, tare da roƙon a hana kamfanonin Sony BMG da EMI da Warner karɓar kuɗin da ke da nasaba da amshin har sai an yanke hukunci.

Kotun ta ƙi sauraron ƙarar. Dalilinta shi ne, shekara guda kafin nan an riga an daddale cewa kamfanin Universal zai sa sunan Dibango a jikin fayafayan Rihanna da za a ƙara bugawa a Faransa, shi kuma ya janye ƙorafinsa a lokacin.

Watanni huɗu bayan wannan hukunci, a ranar 25 ga watan Yuni, Michael Jackson ya mutu.

Ba Dibango kaɗai ba

Akwai wasu waƙoƙin Afirka da suka bi irin wannan hanya.

A shekarar 1939 Solomon Linda, wani Bazule ɗan Afirka ta Kudu, ya naɗi waƙar Mbube, ya kuma sallama haƙƙinta ga kamfanin Gallo a kan sule goma. Daga ita aka samo The Lion Sleeps Tonight, wadda ta yi tashe a Amurka a shekarar 1961, ta kuma shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney a shekarar 1994.

Linda ya mutu cikin talauci a shekarar 1962. Sai a shekarar 2006 'ya'yansa suka cim ma yarjejeniyar samun kaso, bayan an shigar da ƙara a madadinsu.

A shekarar 2010 kuma taken gasar cin kofin duniya da Shakira ta rera, Waka Waka, ya ɗauko amshinsa ne daga Zangalewa, waƙar da ƙungiyar Golden Sounds ta wasu dogarawan fadar shugaban Kamaru ta fitar a shekarar 1986. A wannan karon an yi saurin sasantawa da masu waƙar.

Aron waƙa a ƙasar Hausa

Matashin da ke Ƙofar Dawanau a birnin Kano, wanda ya san amshin Dibango ta bakin Rihanna, ba baƙo ba ne ga al'adar aron waƙa, domin kuwa ta daɗe a ƙasar Hausa.

A fagen rubutacciyar waƙa, wanda ya sha bamban da na kiɗan rawa, malamai sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida. Mai yin tahamisi yakan ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu na wanda ya riga shi, ba ya kuma ɓoye sunan mai asalin waƙar. Shi ya sa har yau masu karatun Ishiriniya suka san Alfazazi ne ya yi ta, Ibnu Mahib kuma ya yi mata tahamisi.

Makaɗan baka kuwa, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, ba daga cinikin faifai suka fi samu ba. Ubangida ne ke yi musu kyautar riguna da dawaki da motoci, waƙoƙin gidan kuma 'ya'ya da 'yan amshi kan gaje su. Wanda ya rera waƙar wani a gidan biki ba a ɗauke shi ɓarawo ba, tun da kowa ya san mai ita.

Zuwan finafinan Indiya gidajen siliman arewacin Najeriya tun daga shekarun 1950 ya buɗe wani sabon babi. A Kano, wasu ƙungiyoyin masu bege da bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan suna ɗora masa yabon Manzon Allah (SAW) da Hausa, abin da ya jawo muhawara tsakanin masu goyon baya da masu suka.

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a shekarar 1990, su ma sun ari karin waƙoƙin Indiya da dama, kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna.

A zamanin kaset, kasuwar Ƙofar Wambai ita ce cibiyar kwafa da rarrabawa. Masanin al'adu Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana yadda mai fim kan buga kwalaye ya sayar wa dillalai, su kuma su kwafi kaset ɗin da kansu, ta yadda ribarsa daga kwalin take fitowa.

Da kaset da faifan CD suka ja baya, sai harkar ta koma hannun masu tura waƙoƙi a waya, sannan ta hau intanet, inda shafuka irin su YouTube ke iya gane sautin da aka yi wa rajista su kai kuɗin talla ga wanda sunansa ke rubuce.

Ma'ana, waƙoƙin tsofaffin makaɗan Hausa da matasa ke sabuntawa da fiyano da kwamfuta yanzu sun shiga irin kasuwar da Soul Makossa ta shiga a shekarar 1973.

Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na shekarar 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta kare waƙa har tsawon shekara 70 bayan mutuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekara 50.

Bisa wannan lissafi, waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a shekarar 1999, suna ƙarƙashin kariyar doka har zuwa ƙarshen shekarar 2069. Sai dai cin moriyar dokar ya rataya ne a kan samun takardun da ke nuna wane ne ya tsara waƙa, wane ne ya naɗe ta, kuma me aka sallama wa kamfani ko gidan rediyo.

Ƙarshen rayuwarsa

Dibango bai taɓa rabuwa da waƙar tasa ba. A shekarar 1994 ya sake naɗar ta tare da Youssou N'Dour na Senegal, a faifansa mai suna Wakafrika, wanda ya tara manyan mawaƙan Afirka irin su King Sunny Ade da Salif Keita da Angelique Kidjo da Papa Wemba.

A cikin faifan shi ma ya maimaita waƙoƙin wasu, ciki har da na Fela Kuti da Miriam Makeba, tare da ambaton sunayen masu su.

A shekarar 2004 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya a fagen fasaha.

Ya mutu ne a wani asibiti da ke kusa da Paris a ranar 24 ga watan Maris na shekarar 2020, sakamakon cutar korona, yana da shekara 86.

Muhimman shekaru

1933: An haifi Manu Dibango a Duala.

1972: An fitar da Soul Makossa a bayan faifan taken gasar cin kofin Afirka.

1973: Kamfanin Atlantic ya fitar da ita a Amurka, ta kai matsayi na 35.

1982: Amshinta ya ɓulla a faifan Thriller na Michael Jackson.

1994: Dibango ya sake naɗar ta tare da Youssou N'Dour.

2007: Rihanna ta fitar da Don't Stop the Music.

2009: Kotu a Paris ta ƙi sauraron ƙarar Dibango.

2020: Dibango ya mutu a Faransa.